Kafin a zaburar da furosesa a kan allon araha, a tuna da zafin Yamai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi magana da matasan da ke haɗa kwamfutar tebur da kuɗi kaɗan, da masu gidajen intanet, da masu haɗa bidiyon biki da suna, da ɗaliban da ke son na'ura mai ƙarfi alhali aljihu bai kai ba. Maganar ita ce ta ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, gudu fiye da inda kamfani ya tsayar da shi, abin da masu sana'a ke kira obakulok. Abin yana yiwuwa, kuma a wasu na'urori yana da amfani. Damuwarmu ita ce lambobin da ake kwafowa daga bidiyon ƙasashen waje. Yawancinsu an gwada su ne a ɗaki mai sanyin digiri 21 ko 22, a kan uwar allo mai tsada, wato babban allon da ake ɗora furosesa da sauran kaya a kansa, da wutar da ba ta rawa. Mu kuwa a Yamai zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, kuma zafin furosesa yana hawa ne daidai da zafin ɗakin da yake ciki. Saitin da ya ba wancan digiri 75 a ɗakinsa, in aka kawo shi shagon da ke digiri 39, zai nuna 92 ko 93. Tun daga nan lissafin ya sauya.

Gudun furosesa lissafin ninki ne. Akwai bugun tushe na MHz 100, akwai kuma lambar ninki. Ninki 36 ya ba da GHz 3.6, ninki 40 ya ba da GHz 4.0. Ɗaga lambar ninki aikin minti ɗaya ne. Wahalar tana wajen wuta, domin duk sanda aka ƙara gudu sai furosesa ya nemi ƙarin bolt kafin ya tsaya da ƙafafunsa, kuma zafi ba ya bin bolt taku da taku, riɓanya yake yi. In an ɗaga daga bolt 1.20 zuwa 1.35, wannan kaɗai ya ƙara zafi da kusan kashi 27 cikin 100. In aka haɗa da ɗaga gudu daga 3.6 zuwa 4.0, jimillar ƙarin zafin ta kai kusan kashi 40, alhali gudun da aka samu kashi 11 ne kacal. Wannan cinikin ne mutum ke yi, kuma ya kamata ya san farashin kafin ya sallama.

Ba kowace na'ura ce ma ke karɓar zaburarwa ba. A ɓangaren Intel, furosesan da ke da harafin K a ƙarshen lambarsa ne ke da ninki a buɗe, irin su i5-2500K ko i5-9600K, kuma yawanci sai an haɗa shi da uwar allo, wato kart-mer, mai lambar da ta fara da Z, kamar Z77 ko Z390. Allunan araha masu H da B, irin su H61, H310, B365 ko H610, ba su ba da damar taɓa ninki. Wanda ya sayi furosesa mai K ya ɗora a kan H310 ya biya kuɗin ƙofar da ba shi da mabuɗinta. An taɓa samun togiya ɗaya da ta yi suna: Pentium G3258 na shekarar 2014, mai ƙwaya biyu, wato sassan lissafi biyu a cikinsa, da gudun GHz 3.2, wanda allunan H81 da B85 da yawa suka yarda a ɗaga shi, har yakan wuce GHz 4. Sai dai ƙwaya biyu ta yi wa aikin yau kaɗan, kada wani ya kashe kuɗinsa a kansa yanzu. Daga allunan B560 na 2021 Intel ta buɗe ƙara gudun RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a kan allunan B, amma ninkin furosesa yana nan a rufe.

Ɓangaren AMD ne ya fi dacewa da mai ƙaramin jari. Tun fitowar Ryzen a 2017, kusan duk furosesan gurbin AM4 a buɗe suke, kuma allunan B350, B450 da B550 sun yarda da obakulok. A320 da A520, waɗanda su ne mafi araha, ba a yi su don ɗaga ninki ba. Saboda haka in niyyar kenan, haɗin da ke da ma'ana shi ne B450 da Ryzen 5 1600 ko 2600. Tsakanin biyun a fifita 2600, domin yana cikin waɗanda Microsoft ta amince wa Windows 11, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare tun Oktoban 2025.

Kwamfutocin ofis na gwanjo da suka cika shaguna, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP da Lenovo, a ƙyale su yadda suke. BIOS ɗinsu, wato manhajar cikin allo da ake shiga a sauya irin wannan saiti, a kulle yake, akwatin wutarsu ƙarami ne kuma sau da yawa da irin nasa soket. Na'urori ne masu ƙarko a gudun da aka yi su, faifan ajiya mai sauri na SSD da ƙarin RAM kawai suke buƙata. Haka nan kwamfutar cinya: ba ta da sararin fitar da ƙarin zafi. Sai allunan X79 da X99 na China da ake haɗawa da tsofaffin Xeon. Dabarar da ake yi musu ta tilasta wa dukkan ƙwayoyin Xeon E5 v3 gudun ƙoli tana buƙatar rubuta BIOS da aka yi wa kwaskwarima. In aka rubuta wanda ba na allon ba, ko wuta ta ɗauke ana cikin rubutawa, allon ba zai sake tashi ba sai an maƙala wa ƙwayar BIOS na'urar rubutu irin CH341A. Wanda ba shi da ita kuma bai ajiye kwafin BIOS na asali ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. A kan allon araha, abin da ke fara gajiya shi ne sashen da ke shayar da furosesa wuta, wanda ake kira VRM. A buɗe akwati a dubi hagu da saman gurbin furosesa. Za a ga wasu dunƙulai masu kusurwa huɗu, baƙaƙe ko ruwan toka, a jere kamar ƙwayoyin sukari. Kusa da su akwai ƙananan baƙaƙen faifai da ba su kai farcen ɗan yatsa ba, su ne mosfet, sannan kafasita masu kama da ƙananan gwangwanaye. Aikinsu su karɓi bolt 12 daga akwatin wuta su sauko da shi zuwa bolt ɗaya da ɗoriya. In bolt ya sauka, amfa na hawa. Furosesan da ke shan wat 100 a bolt 1.25 yana jan amfa 80. Don a gane girman abin, dutsen guga mai wat 1000 a wutar gida ta bolt 220 ba ya kai amfa 5. Wannan amfa 80 ana raba shi ne tsakanin layukan VRM. Allon araha yakan zo da layi huɗu na ƙwayoyin furosesa da biyu na sauran sassansa, shi ne ake rubutawa 4+2, wani ma 3+2. Layi huɗu kenan kowanne na ɗauke da amfa 20. Aka zaburar har wat 140 a bolt 1.35, jimilla ta haura amfa 100, kowane layi ya koma ɗaukar 26, kuma zafin da juriyar mosfet ke haifarwa ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100. Duk wannan a kan faifan da, a allo mafi araha, ko ƙarfen shan zafi ba a ɗora musu ba.

Abin takaicin shi ne mai na'ura ba ya ganin wannan zafin. Manhajar auna zafi na nuna masa furosesa na digiri 70, hankalinsa kwance, alhali mosfet sun haura 100. Alamar farko ita ce gudu ya riƙa faɗuwa ƙasa warwas ana tsakiyar aiki mai nauyi, Ryzen ya sauko wajen MHz 550, Intel ya sauko MHz 800, ya yi ƴan daƙiƙu ya koma sama, ya sake faɗuwa. Allon ne ke kare kansa. Wanda aka daɗe ana gasawa kuwa, in aka juya bayansa za a ga daidai layin mosfet ya sauya launi ya yi ruwan ƙasa kamar takardar da ta kusanci wuta, wani lokaci har da ƙauri. Irin wannan allon kada a saye shi a gwanjo ko da an bayar da shi rabin kuɗi.

Don haka kafin a biya kuɗin allo a tabbatar akwai ƙarfen shan zafi a kan mosfet na gefen hagu, mai tsage-tsage kuma ɗaure da kusa, kuma soket ɗin wutar furosesa mai rami takwas ne. Ƙidaya dunƙulai kaɗai na iya yaudara, domin wasu kamfanoni kan jera biyu a layi ɗaya. In allon tsirara yake, a tsaya ga furosesa mai wat 65 da ƙwaya shida ko ƙasa, kuma kada bolt ya wuce 1.30. Ɗora Ryzen 7 2700X mai wat 105 a kan irin wannan allo, balle a zaburar da shi, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Akwai kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi. Fankar da ke zuwa tare da Ryzen tana hura iska ƙasa ne, iskar ta bazu ta shafi VRM. Da an cire ta an sa babbar fanka mai tsayi da ke hura iska gefe, furosesa zai yi sanyi sosai, amma mosfet sun rasa ɗan iskar da suke samu. Maganin ba shi da tsada: ƙaramar fanka ta milimita 80 a ɗaure ta da igiyar roba ta fuskanci VRM kai tsaye, ko fankar milimita 120 a rufin akwati daidai samansu. Ana kuma samun ƙananan ƙarafan alminiyam da ake manna wa mosfet da abin liƙi mai wuce da zafi. In za a sa su a kula kada ƙarfen ya taɓa ƙafar wani abu a gefe, domin in ya ɓalle ya faɗo kan allo yana aiki, gobarar ta fi ta farko.

Sai akwatin wuta, wanda aka fi sani da alim. Kada a dubi babbar lambar da aka buga a kwali. A dubi takardar da ke jikinsa, layin da aka rubuta +12V, a ninka amfan da ke wurin da 12. Wanda ya ce wat 500 ne amma layin nan ya nuna amfa 18, ainihin abin da zai ba furosesa da katin hoto wat 216 ne. Na'urar da ke da Ryzen mai ƙwaya shida da matsakaicin katin hoto tana son alim na gaskiya mai wat 450 zuwa 550, wanda layin bolt 12 ɗinsa ya kusa cika wannan lamba. Kada a yi amfani da wayar dabara da ke mayar da soket ɗin faifai ya zama na furosesa. A nan ne roba ke narkewa. Kafasitan da ke cikin alim kuwa, ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rayuwarsu da rabi, shi ya sa alim mai rauni ba ya daɗewa a ƙasarmu ko ba a zaburar da komai ba.

Wutar gari ma tana cikin lissafi. Inda take sauka da hawa, ko ana aiki da janareta, na'urar daidaita wuta da akwatin riƙe wuta, wato UPS, sun zama dole. A lura cewa lambar VA ba wat ba ce: UPS mai VA 650 ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat 400. Kuma kada a taɓa sabunta BIOS ba tare da UPS mai cikakken caji ba. In jikin akwatin kwamfuta na ɗan jan mutum in ya taɓa, soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, a kira mai gyaran wuta tukuna.

Game da sanyaya, a fara da sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen fanka. A Ryzen na AM4 a kula sosai wajen cirewa: busasshen mai yakan manne, in aka fizgo fanka sama sai ta fito da furosesan daga gurbinsa, ƙafafunsa su lanƙwashe. A kunna na'urar ta yi aiki minti goma man ya yi laushi, a kashe, a murɗa fankar hagu da dama a hankali sannan a ɗaga. A goge tsohon mai da alkol mai ƙarfi, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure kusoshi gicciye, kaɗan-kaɗan. Man goge baki ba ya maye gurbinsa. A akwati a sa fanka biyu na milimita 120 masu shigo da iska ta gaba da raga mai tace ƙura, ɗaya mai fitarwa ta baya, kuma a ɗauke na'urar daga ƙasa a ɗora kan tebur. Da hunturu, ƙura kan yi shimfiɗa tsakanin fanka da tsagin ƙarfe, in an ɓamɓaro ta sai ta fito guda kamar tsumman bargo. A hure ta duk sati biyu ko uku a lokacin, a riƙe fukafukan fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Iskar hunturu busasshiya ce, jiki na tara wutar da ke tartsatsi, don haka a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa allo ko RAM.

Kafin ma a je ga ninki, akwai ribar da ta fi sauƙi kuma da yawa ke bari a ƙasa. Baret ɗin RAM na DDR4 da aka rubuta wa 3000 ko 3200, in aka soka shi kawai, yawanci a 2133 ko 2400 zai yi aiki, sai an shiga BIOS an kunna XMP, wanda ASUS ke kira DOCP, MSI kuma A-XMP. Wannan yana ɗaga bolt ɗin RAM daga 1.20 zuwa 1.35, kuma haka aka tsara shi. Ko allon A320 ya yarda da wannan. Baret biyu na GB 8 sun fi ɗaya na GB 16, domin hanya biyu suke buɗewa. A allo mai gurbi huɗu a sa su a na biyu da na huɗu daga furosesa. Ga masu Ryzen 3 2200G ko wani mai G da ba su da katin hoto daban, wannan gyaran ya fi duk wani obakulok tasiri, saboda sashen hoto daga RAM yake sha. In 3200 ya ƙi tashi a kan Ryzen na farko ko na biyu, a sauko 2933. Bolt ɗin SoC kuwa, wato na sashen furosesa da ke kula da RAM, 1.10 ya isa, kada ya wuce 1.20.

In an gama da waɗannan, sai a auna na'urar yadda take. Ana buƙatar HWiNFO64 don kallo, Cinebench R23 don auna ƙarfi, OCCT ko Prime95 don gwajin juriya, da MemTest86 don RAM. Duka ana samun su kyauta. A kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai. A yi gwajin tsakanin azahar da la'asar, akwati a rufe, a ɗakin da na'urar za ta zauna, kuma in ba kullum ake kunna na'urar sanyaya ɗaki ba a bar ta a kashe. A sa Cinebench ya yi minti goma, a rubuta maki, da zafin furosesa a layin Tctl/Tdie na HWiNFO, da wat, da zafin VRM in allon na nunawa. In ba ya nunawa, ma'aunin zafi mai kama da bindiga ya wadatar, a haska bayan allo daidai layin mosfet. Idan tun ba a taɓa komai ba furosesa ya kai digiri 80, babu sarari, a koma kan sanyaya.

Mu ɗauki Ryzen 5 2600 a kan B450. Asalin gudunsa GHz 3.4, yana zabura da kansa har 3.9. A danna Del lokacin tashi, a shiga cikakken shafin BIOS, F7 a ASUS da MSI. Wurin saitin ana kiransa Ai Tweaker a ASUS, OC a MSI, OC Tweaker a ASRock, M.I.T. ko Tweaker a Gigabyte. A mayar da CPU Ratio 38, a mayar da CPU Core Voltage na hannu a rubuta 1.25. Kada a bar bolt a Auto bayan an ɗaga ninki, domin allo kan zuba fiye da buƙata, har ya haura 1.40 mai shi bai sani ba. Wasu allunan araha ba su da gurbin rubuta bolt kai tsaye sai ƙari ko ragi, wato Offset. A nan sai a ƙara kaɗan a shiga Windows a karanta ainihin abin da ke isa a layin SVI2 TFN na HWiNFO. Akwai kuma LLC, mai rage faɗuwar bolt lokacin da aiki ya yi nauyi. A sa shi a matsakaici. Matakin ƙoli yana hana faɗuwar, amma yana jefa bolt sama na ɗan ƙiftawa duk sanda nauyi ya sauka, kuma yana ƙara gasa mosfet. Bugun tushe na MHz 100 a bar shi inda yake, domin a yawancin allunan araha faifan SSD da USB da katin hoto a ɗaure suke da shi, ƙari kaɗan na iya sa faifai ya ɓace ko fayil ya lalace.

A adana da F10, a shiga Windows, a yi Cinebench. In ya wuce lafiya a koma a ƙara rabin ninki, 38.5, sannan 39, haka dai. Inda ya fara tsayawa ko fuskar kwamfuta ta yi shuɗi, a ƙara bolt 0.0125 a sake gwadawa. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane zagaye, a kuma rubuta a takarda. Za a iso wurin da ƙarin MHz 50 ke neman bolt mai yawa. Nan ne bangon wannan furosesan, kuma kowanne da nasa, ko lambarsu ɗaya ko rana ɗaya aka saye su. Iyakokin da muke ba da shawara a yanayinmu: bolt kada ya wuce 1.35 ko da allon na da ƙarfen shan zafi, furosesa kada ya wuce digiri 85 a gwaji mai tsanani, VRM kada ya kai 95. Iyakar kamfani ga wannan furosesa digiri 95 ce, tazarar goman nan ita ce ta ranar da zafi ya fi na ranar gwaji ko ƙura ta taru. Duk wadda aka fara cimma a cikin ukun, a tsaya, a ja baya da MHz 50 ko 100. Yawancin 2600 kan tsaya wajen GHz 4.0, 1600 kuma 3.8 ko 3.9. A tuna cewa kafa ninki da hannu yana kashe zaburar da furosesa ke yi da kansa, don haka 2600 da aka kafe a 3.8 ya yi asara a ayyuka marasa nauyi. In bai kai 3.9 ba a mayar da shi yadda yake.

Tashin Windows ba shaidar lafiya ba ce. Sai OCCT ya yi awa ɗaya babu kuskure, ko Prime95 a zaɓin Small FFTs ana kallon zafi, sannan MemTest86 ya zaga sau huɗu cikin dare, sannan a yi ainihin aikin da aka sayi na'urar dominsa na ƴan kwanaki. Yadda ta faɗi yana nuna inda ciwon yake. Shuɗin fuska mai WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ko CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT yawanci ƙarancin bolt ne ga wannan gudun. MEMORY_MANAGEMENT, ko manhajoji su riƙa rufe kansu, ko fayil ɗin da aka matse ya ƙi buɗewa, a tuhumi RAM. Mutuwa farat ɗaya kamar an zare waya, babu saƙo, a tuhumi alim ko kariyar VRM. A leƙa Event Viewer a nemi WHEA-Logger, domin akan samu kurakuran da na'ura ke gyarawa a ɓoye tun kafin ta fara faɗuwa. In kuma bayan watanni saitin da ke tsaye ya fara neman ƙarin bolt, furosesan ya fara cinyewa ne daga yawan wuta da zafi, kuma wannan ba ya warkewa. Ragewa ake yi, ba a bin sa da ƙari.

Idan na'ura ta ƙi nuna komai bayan an adana saiti, ba ta mutu ba. A zare waya daga bango, a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma, a haɗa ƙafafu biyun da aka rubuta wa CLR_CMOS, ko CLRTC, ko JBAT1 da bakin sukuddireba na ƴan daƙiƙu. In ba a gan su ba a cire batirin CR2032 na minti biyar a mayar. Komai zai koma na asali, har agogo sai an gyara.

Ga masu Ryzen 5 3600 da 5600 da na bayansu, kafa ninki da hannu ba ya kawo abin kirki, domin kamfani ya riga ya tatse su: suna duba zafinsu su ɗaga gudu da kansu, 3600 har GHz 4.2, 5600 har 4.4. Abin da ke ƙara musu gudu shi ne sanyi. A jerin 5000 akwai Curve Optimizer a ƙarƙashin PBO, wato saitin BIOS na zaburar da furosesa ke yi da kansa, inda ake rage bolt maimakon ƙarawa. A fara da ragi 10 a dukkan ƙwayoyi, a gwada, a tafi 15, 20, iyakarsa 30. Rashin lafiyar wannan saiti takan bayyana ne lokacin da na'ura ke zaune ba ta komai, ta sake tashi da kanta, don haka a gwada ta a hutu ma. A ra'ayinmu wannan hanyar ta rage wuta ita ce ta fi dacewa da Yamai da Tawa da Agadas: zafi ya ragu, fanka ta yi shiru, mosfet su huta, gudu kuma bai ragu ba, sau da yawa ma ƙaruwa yake. Kuma kada a sake wa PBO iyakokin wuta a kan allon da ba shi da ƙarfen shan zafi.

A auna ribar da idon basira. Ƙarin kashi 10 cikin 100 na nufin bidiyon da ke ɗaukar minti 60 kafin ya fita zai fita a minti 55. Ga wanda ke fitar da bidiyo da yawa kullum, wannan lokaci ne mai daraja. Ga mai buga takardu da shiga intanet, ba zai ji bambanci ba, sauya tsohon faifai da SSD ne zai gani da idonsa. Ƙarin wat 40 na awa takwas kullum kuwa kusan kilowat-awa 10 ne a wata a kan mita, kuma mai aiki da batir da hasken rana ya fi kowa jin sa. Intel da AMD duka sun bayyana cewa garanti ba ya rufe abin da obakulok ya lalata, kuma in allo ya ƙone ba kullum ake samun irinsa a gari ba, sai a yi ta jiran kaya. Na'urar da ke riƙe da lissafin shago, ko bayanan marasa lafiya, ko ta wurin aika kuɗi, kada a taɓa ta ko kaɗan, domin RAM marar tsayuwa na iya sauya lamba a cikin fayil ba tare da wata alama ba.

Kiranmu na ƙarshe ga ƴan'uwanmu masu haɗawa su sayar. Sayar wa mutum na'urar da aka zaburar ba tare da an gaya masa ba cin amana ne, musamman wadda aka saita a sanyin Disamba, mai ita ya zo ya gamu da faɗuwa a Afrilu bai san dalili ba. Wanda ya yi wa abokin ciniki wannan aiki ya rubuta ninki, da bolt, da matakin LLC, da gudun RAM, da zafin da ya gani a gwaji, da watan da ya gwada, ya manna takardar a cikin murfin akwati. Kusan kowane BIOS na da gurbin adana saiti fiye da ɗaya: a adana na asali a gurbin farko, na lokacin sanyi a na biyu, na bazara mai ragin MHz 100 a na uku, a nuna wa mai na'ura yadda zai sauya da kansa in watan Maris ya kama.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Daga wasu masu haɗawa da gyaran kwamfuta,
Yamai.